Ƙananan Ƙabilun Rasha da Yaƙin Yukiren: Waɗanda Ke Cewa Su Ma a Ƙarƙashin Mulkin Mallaka Suke

Tun da Rasha ta afka wa Yukiren ranar 24 ga Fabrairun 2022, yawancinmu kallon rikicin muke yi a matsayin karon battar ƙarfe tsakanin manya: Mosko a gefe guda, Amurka da ƙawancen NATO a ɗaya gefen. Akwai gaskiya a wannan kallon, amma ya bar wasu mutane a waje. Su ne al'ummun da ke cikin Rasha alhali ba Rashawa ba ne a ƙabila: Buryat da Tuva da Yakut na Siberiya, Kalmik na kusa da tekun Kaspiyan, Tatar da Bashkir na yankin kogin Volga da tsaunukan Ural, Cecen da Ingush da ɗimbin ƙabilun Dagestan na tsaunukan Kaukasus. A cikinsu ne wata gwagwarmaya ta kunno kai, wadda ta ɗaure magana biyu wuri guda. Ta farko, ba su son yaƙin. Ta biyu, suna cewa hannun da ya miƙe zai shaƙe Yukiren shi ne ya daɗe riƙe da wuyansu.

Sai an san yadda aka gina Rasha kafin a gane wannan magana. Ƙasar tana da ƙabilu sama da 190. Rashawa ne mafi rinjaye, wajen kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka faɗi ƙabilarsu a ƙidayar 2021. Akwai jamhuriyoyi 21 a cikin tarayyar da aka kafa da sunan wasu ƙabilun, kowace da tutarta da majalisarta, kusan duka kuma da harshensu na hukuma. To amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ta wayi gari ta tsinci kanta a Rasha haka kawai. A 1552 Sarki Ivan na Huɗu ya ci birnin Kazan, hedikwatar daular Musulmin Tatar, da yaƙi. Bayan shekara huɗu ya haɗa da Astrakhan. Daga wajen 1580 mayaƙan Kosak suka tsallaka Ural suka nausa gabas, suna kafa sansanoni a bakin koguna suna ɗora wa mutanen ƙasa harajin fatun namun daji. A 1632 suka kafa Yakutsk, wanda yanzu shi ne babban birnin Yakutiya. A Kaukasus an kwashe shekaru da dama ana gwabzawa kafin Imam Shamil, jagoran masu turjiya, ya miƙa wuya a 1859, sannan a 1864 aka kammala korar Sarkasiyawa daga ƙasarsu zuwa daular Usmaniyya, dubbai suka mutu a hanya da bakin teku. Zamanin Stalin kuma aka kwashe ƙabilu sukutum aka loda su a taragon dabbobi: Kalmik a Disambar 1943, Cecen da Ingush ranar 23 ga Fabrairun 1944, Tatar na Kirimiya a Mayun wannan shekarar.

Duk wanda ya karanta yadda Lugard ya ci Kano da Sakkwato a 1903 zai ga kamanni. Me ya sa duniya ba ta saba kiran wannan mulkin mallaka ba? Wani ɓangare na amsar yana Majalisar Ɗinkin Duniya. A Disambar 1960 majalisar ta zartar da ƙudurin bai wa ƙasashen da ake mulka 'yancin kai, kuma Tarayyar Sobiyet ce ta kawo shawarar. Sai dai ƙudurin da ya biyo baya ya fassara yankin mallaka da wanda ya rabu da uwar ƙasar ta fuskar wuri, wanda a aikace ya koma nufin sai akwai teku a tsakani. Ingila da Faransa da Fotugal da jiragen ruwa suka zo, don haka sunansu 'yan mulkin mallaka. Rasha a kan doki da ƙafa ta faɗaɗa, ƙasa na manne da ƙasa, sai lissafin ya tsallake ta. Ba ita kaɗai ta amfana da wannan fassara ba. Amurka da Kanada da Ostireliya su ma sun fake da ita game da mutanen da suka tarar a ƙasashensu. 'Yan gwagwarmayar da nake magana a kansu suna cewa ne ruwan gishiri ba shi ne ma'auni ba. Ma'aunin shi ne wa ke yanke hukunci a kan ƙasarka, ina arzikinta ke tafiya, da wane harshe ake koyar da ɗanka, kuma ɗan wa ake turawa ya mutu.

Tambayar ƙarshen nan ita ce yaƙin ya tono. Gwamnatin Rasha ba ta fitar da cikakken adadin sojojinta da aka kashe, don haka sashen Rashanci na BBC da kafar Mediazona da wasu 'yan sa-kai suka shiga tattara sunaye ɗaya bayan ɗaya, daga sanarwar jana'iza da shafukan sada zumunta da sababbin kaburbura. Tun a watannin farko abin ya fito fili: idan aka auna da yawan jama'a, Tuva da Buryatiya na sahun gaba wajen rasa 'ya'ya, birnin Mosko kuwa yana can ƙasa, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, ninki ba ninki ne.

A nan ya kamata a yi adalci, domin akwai muhawara ta gaske. Alexey Bessudnov, masanin zamantakewa a Jami'ar Exeter ta Ingila, ya bi waɗannan sunaye ya nuna cewa talaucin yanki ne babban abin da ke bayyana tazarar: Barashe talaka a yankin da babu aikin yi shi ma yana mutuwa da yawa, kuma da dama daga cikin mamatan Buryatiya Rashawa ne, tunda Buryat ba su wuce kashi ɗaya cikin uku na mutanen jamhuriyar ba. Ga kuma manyan barikoki da aka jibge a garuruwan jamhuriyar, Ulan-Ude da Kyakhta, tun tuni. Maria Vyushkova, masaniyar kimiyya 'yar Buryat da ke Amurka, ta yi nata ƙidayar, ta nuna cewa wasu ƙabilun na Siberiya da arewa mai nisa suna mutuwa fiye da kasonsu a jama'a. Ni a ganina bayanan biyu ba su yi karo ba. Idan aka ce talauci ne ya jawo, sai a tambaya me ya sa waɗannan yankunan ne matalautan. Tuva, mahaifar Sergei Shoigu wanda ya riƙe ma'aikatar tsaro har Mayun 2024, tana cikin yankuna mafiya talauci a Rasha kuma har yau layin dogo bai haɗa ta da sauran ƙasar ba. Yakutiya ce ke samar da mafi yawan lu'ulu'un Rasha, amma ƙauyukanta da yawa ba su da ruwan famfo a gida. A irin wannan wuri, albashin sojan kwantiragi na wajen rubul 200,000 a wata ya ninka abin da malamin makaranta ke samu sau da yawa. Saurayin da bashi ya yi wa katutu ba sai an kama shi da ƙarfi ba, da ƙafarsa zai je ya sa hannu. Gida ɗaya ne, amma akwai ɗan mowa akwai ɗan bora, kuma kowa ya san wanda ake aika daji da dare.

Tura ta kai bango ranar 21 ga Satumbar 2022, da Putin ya ba da umarnin kiran mutum 300,000 zuwa fagen daga. A ƙauyukan Buryatiya da tsakar dare aka riƙa buga ƙofofi ana miƙa takardun sammaci, aka mayar da makarantu wuraren tara mutane, aka kwashi har magidanta masu 'ya'ya da yawa da waɗanda shekarunsu suka wuce. Bayan kwana huɗu mata suka fito a Yakutsk. Ba su zo da duwatsu ba. Sun kama hannun juna suka yi da'ira a dandalin birnin suna rawar gargajiyarsu ta osuokhai, wadda aka saba yi a bikin shigowar bazara, 'yan sanda na tsakiyar da'irar, su kuma suna rera cewa ba su yarda da yaƙi ba, ba su yarda da kisan ƙare dangi ba. A ranar dai, a Makhachkala babban birnin Dagestan, mata da yawansu sanye da ɗankwali suka tsaya gaban 'yan sanda suna tambayarsu dalilin kwashe musu 'ya'ya, suna faɗa musu ido da ido cewa Rasha ce ta kai hari, ba ita aka kai wa ba. A ƙauyen Endirey mutane suka tare babbar hanya har 'yan sanda suka yi harbi sama. An kama mutum sama da 100 a Makhachkala kaɗai. A Kyzyl na Tuva ma mata sun fito, aka watsa su cikin mintuna. Gwamnatin Tuva kuwa ta sanar da tallafin da za ta ba iyalin duk wanda aka ɗauka: rago ɗaya, da buhun fulawa, da dankali. Duk lokacin da na tuna wannan sanarwar raina yana ɓaci.

Waɗanda suka samu dama suka tsere. Motoci suka yi dogon layi a kan iyakar Mongoliya da Kazakistan da Jojiya. Tsohon shugaban Mongoliya, Tsakhiagiin Elbegdorj, ya fito a bidiyo ya ce ana amfani da Buryat da Tuva da Kalmik a matsayin abincin igwa, ya kira su da su zo ƙasarsa.

Ƙungiyar da ta fi yin suna a wannan fage ita ce Gidauniyar Free Buryatia, wadda 'yan Buryat mazauna ƙetare suka kafa a Maris ɗin 2022 ƙarƙashin jagorancin 'yar jarida Alexandra Garmazhapova. Aikinta na farko ba na jawabi ba ne, na lauyoyi ne. A lokacin doka ta ba sojan kwantiragi damar ajiye aiki, amma da yawansu ba su sani ba, kwamandoji kuma suna tsorata su da kurkuku. Gidauniyar ta riƙa koya wa sojoji da iyayensu mata da matansu yadda ake rubuta takardar ajiye aiki da wanda za a kai wa ƙara idan aka ƙi karɓa, kuma a Yulin 2022 ta sanar da cewa wajen sojoji 150 sun koma gida ta wannan hanya. Umarnin Satumba ya toshe ƙofar, domin ya mayar da kwantiragin ba shi da ranar ƙarewa, sai aikin ya koma taimaka wa mutane su fita daga ƙasar. Irin waɗannan ƙungiyoyi suka ɓullo daga Yakut da Tuva da Kalmik. Shafin Asians of Russia, wanda da ya fi mayar da hankali kan al'adu, ya rikiɗe ya zama dandalin adawa da yaƙi.

Gidauniyar ta yi wani abu da ya taɓa Kremlin, fadar gwamnatin Rasha, a inda ke ciwo. Putin ya ce ya shiga Yukiren ne don ya raba ta da aƙidar 'yan Nazi. Sai Garmazhapova ta nemi 'yan ƙananan ƙabilu su ba da labarin wariyar da suke sha a cikin Rasha kanta, labarai kuwa suka yi ta kwarara: tallar gidan haya a Mosko da aka rubuta cewa sai jinsin Slav kawai, wato Rashawa da danginsu, zagin mai ƙananan idanu a jirgin ƙasa, ɗan sanda da ke tare ɗan ƙasa yana neman takardun zama saboda fuskarsa. Hujjarsu ita ce, wanda ba a yarda ya kama hayar ɗaki a babban birnin ƙasarsa ba, da wane dalili za a tura shi ya mutu don kare masu jin Rashanci a wata ƙasa?

Sai dai ba daga Kremlin kaɗai suke shan duka ba, kuma wannan ne ya sa lamarin nasu ya zama gaba kura baya sayaki. Da aka gano gawarwakin fararen hula a garin Bucha na Yukiren a Afrilun 2022, jita-jita ta bazu a intanet cewa Buryat ne suka yi kisan. Daga baya binciken jaridar New York Times ya ɗora kashe-kashen titin Yablunska a kan wata rundunar sojan laima daga Pskov, can yammacin Rasha kusa da Estoniya. Amma kashin kajin ya riga ya shafu. A Nuwambar 2022 Fafaroma Francis ya ce wataƙila mafiya rashin imani a sojojin Rasha su ne waɗanda ba su tashi a al'adar Rashawa ba, ya ambaci Cecen da Buryat. Garmazhapova ta yi tir da maganar, ita ma gwamnatin Rasha ta yi tir da ita, kowa da nasa dalilin. Abin da ya fi ƙona wa 'yan gwagwarmayar rai shi ne yadda wannan ra'ayi ke wanke Barashe mai karatun adabi ya jingina ta'asar ga mutumin daji, alhali a Mosko aka tsara yaƙin. Wannan ba yana nufin babu Buryat ko Bacecen da ya aikata laifi a Yukiren ba. Akwai, kuma su kansu ba su musa ba.

Haka nan ba sa jituwa sosai da 'yan adawar Rasha masu sassaucin ra'ayi, waɗanda yawancinsu 'yan Mosko da Sant Pitasbag ne. Waɗannan suna ganin matsalar Putin ce, idan ya tafi aka yi zaɓe na gaskiya shi ke nan, kuma da zarar an ambaci mulkin mallaka sai su ce ana ba Kremlin makami ne, tunda babu abin da ke tsorata talakan Rasha kamar wargajewar ƙasa. 'Yan ƙananan ƙabilu kuma suna tuna musu cewa Boris Yeltsin, wanda aka zaɓa da ƙuri'a, shi ya fara ragargaza Grozny, babban birnin Ceceniya, a 1994.

Wanda ya ɗauka cewa duk ƙananan ƙabilun Rasha na adawa da yaƙin ya yi kuskure babba. Dakarun Ramzan Kadyrov na Ceceniya suna yaƙi a gefen Putin. Manyan muftai da dama sun sa wa yaƙin albarka, haka ma shugaban mabiya Buddha na Buryatiya, Damba Ayusheev. Babban malamin Buddha na Kalmik, Telo Tulku Rinpoche, wanda ya fito ya ce Yukiren ce ke da gaskiya, sai da ya bar ƙasar, aka lasafta shi cikin wakilan ƙasashen waje, ya sauka daga muƙaminsa a farkon 2023. Ƙungiyar RAIPON, wadda hukuma ta amince ta wakilci ƙananan al'ummu 40 na arewa da Siberiya da gabas mai nisa, ta goyi bayan yaƙin tun a makonnin farko. Wannan ya sa wasu da ke gudun hijira, irin su Pavel Sulyandziga ɗan ƙabilar Udege da Yana Tannagasheva 'yar ƙabilar Shor, suka kafa wani kwamitin na daban don su yi magana a zaurukan Majalisar Ɗinkin Duniya. Ga al'ummar da duka-duka ba ta wuce mutum dubu ɗaya ko biyu ba, mutuwar samari ashirin na iya zama ƙarshen masu kiwon barewar ƙanƙara a ƙauye guda, har da harshen da suke kiwon da shi.

Harshe kuwa tsohon miki ne. A 2018 aka yi dokar da ta mayar da koyon harsunan jamhuriyoyi a makaranta ganin dama, Rashanci kuma dole, kuma da shi ake jarrabawar shiga jami'a. A Satumbar 2019 wani dattijon masani ɗan ƙabilar Udmurt, Albert Razin, ya cinna wa kansa wuta a gaban majalisar Izhevsk, babban birnin jamhuriyarsu, saboda wannan batu. Gyaran tsarin mulki na 2020 ya kira Rashanci harshen al'ummar da ta kafa ƙasa. Tatarstan, wadda a ƙuri'ar raba gardama ta 1992 sama da kashi 60 na masu zaɓenta suka zaɓi cin gashin kai, ta rasa yarjejeniyarta ta musamman da Mosko a 2017, a 2023 kuma aka raba jagoranta da laƙabin shugaban ƙasa.

Su kansu 'yan gwagwarmayar kansu ba a haɗe yake ba. Free Buryatia tana neman tarayya ta gaskiya, inda yanki zai zaɓi gwamnansa ya riƙe kaso mai tsoka na arzikinsa. Dandalin Free Nations of Post-Russia, wanda ya fara taro a Warsaw a Mayun 2022, yana maganar ɓallewa ne kai tsaye, har da taswirar sababbin ƙasashe. Wasu sun wuce nan sun ɗauki bindiga a gefen Yukiren, kamar bataliyoyin Cecen masu sunan Dzhokhar Dudayev da Sheikh Mansur, da Bataliyar Siberiya. Ina ganin masu zana taswira daga otal-otal na Turai sun fi kowa rauni a hujja, domin a jamhuriyoyi da yawa ƙabilar da aka sa wa yankin sunanta ita ce marar rinjaye, wasu kuma Rasha ta kewaye su ta ko'ina. Masu aikin lauya da ƙidayar matattu da koyar da harshe sun fi kusa da abin da uwa a ƙauye ke bukata.

Mu ma da ruwanmu a wannan labari. An ga tutocin Rasha a Yamai bayan juyin mulkin Yulin 2023, an kuma gan su a Kano lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024. Fushin da ke bayan haka ba na banza ba ne: abin da Faransa ta yi a Sahel sananne ne, kuma Tarayyar Sobiyet ta taimaki ANC ta Afirka ta Kudu da sauran masu neman 'yanci a lokacin da ƙasashen Yamma ke mara wa gwamnatin wariya baya. Putin ya san wannan, shi ya sa a jawabinsa na 30 ga Satumbar 2022, ranar da ya ayyana haɗe yankuna huɗu na Yukiren, ya gabatar da Rasha a matsayin jagorar yaƙi da mulkin mallaka. Amma jikokin waɗanda Ingila ta kwasa zuwa dazukan Bama a runduna ta 81 da ta 82, da waɗanda Faransa ta kai Turai sannan ta buɗe wa wasunsu wuta a Thiaroye ta Senegal a Disambar 1944 don sun nemi haƙƙinsu, su ya kamata su fi kowa gane kukan matan Yakutsk da Makhachkala. Hannun ma ya fara isowa nahiyarmu: a 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo yadda aka yaudari 'yan mata daga ƙasashen Afirka da alkawarin karatu da aiki, suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa a masana'antar Alabuga da ke Tatarstan.

Martanin gwamnati ya nuna ba ta ɗauki lamarin da wasa ba. A 2023 aka haramta Free Buryatia, kotu kuma ta yanke wa Garmazhapova ɗaurin shekara bakwai a bayan idonta bisa zargin yaɗa ƙarya game da soja. A Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta ayyana wata ƙungiyar 'yan aware masu ƙin Rasha a matsayin mai tsattsauran ra'ayi, alhali babu ƙungiya mai wannan suna. Bayan wata guda ma'aikatar shari'a ta jera ƙungiyoyi 55 ta ce rassanta ne. A Nuwamba aka ayyana dandalin Post-Russia a matsayin na 'yan ta'adda, aka liƙa masa rassa 172. Ma'anar haka ita ce, mutumin da ke Ulan-Ude ko Yakutsk zai iya shiga kurkuku don ya tura wa ɗayansu kuɗi ko ya yaɗa rubutunsu, wanda hakan ya yanke igiyar da ke tsakanin na waje da na gida.

Duk da haka, ɗaya daga cikin zanga-zangar mafi girma da aka gani a Rasha bayan ta Satumbar 2022 a jamhuriyar wata ƙaramar ƙabila aka yi ta. Fail Alsynov ɗan Bashkir ne da ya yi suna a 2020 lokacin da jama'a suka hana wani kamfani fasa dutsen Kushtau, wanda suke girmamawa. Ya kuma fito ya ce wannan ba yaƙin Bashkir ba ne, aka ci shi tara. Daga baya aka gurfanar da shi kan wani jawabi da ya yi da harshen Bashkir a taron adawa da haƙar zinare, aka ce ya tunzura ƙiyayya ga baƙi, shi kuma ya ce an karkatar da maganarsa. Ranar 17 ga Janairun 2024 kotun ƙaramin garin Baymak ta ɗaure shi shekara huɗu. Dubban mutane suka taru a ƙofar kotun cikin sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, suna jifan 'yan kwantar da tarzoma da curin ƙanƙara, su kuma suna mayar musu da kulki da barkonon tsohuwa. An tuhumi sama da mutum 70, yawancinsu magidanta ne daga ƙauyukan yankin, an ɗaure da dama shekaru, ɗaya kuma, Rifat Dautov, ya rasu a hannun 'yan sanda a kan hanyar kai shi Ufa, babban birnin jamhuriyar.